Kama da Wane Ba Ta Wane: Maganar Fulogin Tsohuwar Mota

Akwai wata magana da na daɗe ina ji a bakin masu sayar da kayan gyaran mota, tun daga masu manyan kantuna har zuwa masu ɗan tebur a bakin gareji, wadda duk sa'ad da ta faɗa kunnena sai gabana ya faɗi, ita ce: "Alhaji, ai duk ɗaya ne." Mutum zai zo da tsohon fulogin motarsa a naɗe cikin takarda, ya miƙa, ya ce irin wannan yake nema, mai kanti ya karɓa, ya juya shi sau ɗaya ba tare da ya karanta lambar da ke jikin tangaran ɗinsa ba, ya zaro wani daga kwali ya ajiye, in kuwa mai saye ya nuna alamar shakka sai a rufe masa baki da waccan magana, a ƙara da cewa in bai shiga ba ya dawo da shi. To, a nan ɓarnar take, domin galibi yakan shiga. Abin da nake so in tabbatar wa mai karatu, musamman wanda Allah ya hore wa tsohuwar mota ya kuma ƙudurta riƙe ta, ko don ƙauna ko don babu halin sauya ta, shi ne shigar fulogi cikin raminsa ba hujja ba ce ta cewa shi ne na injin, kuma da yawa daga cikin injinan da muke cewa tsufa ya kashe su, sakaci da irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ya gaggauta musu ajali.

In aka ce tsohuwar mota a ƙasarmu, hankalin kowa yakan tafi kan Peugeot, wadda muke kira Fijo, kuma da dalili. An fitar da 404 a Faransa a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, kuma tun daga 1975 aka fara harhaɗa motocin wannan kamfani a Kakuri cikin Kaduna, har ya zama 504 ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar haya tsakanin gari da gari, ita ce motar kai amarya, ita ce kuma a-kori-kurar da ke kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye. Bayan Turawa sun daɗe da daina ƙera ta a ƙasarsu, a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Waɗannan motoci ba su ƙare ba. Har gobe suna nan a garejin dattawa, da hanyoyin karkara, da tsallaken iyaka a Maraɗi da Damagaram, inda 'yan'uwanmu suke kiran fulogi da suna buji saboda tasirin Faransanci. Injinsu kuwa na zamanin kafireto ne, ba shi da na'urar kwamfuta da za ta gyara masa kuskure a ɓoye kamar motocin yau, saboda haka duk abin da aka ɗaura masa, mai kyau ko maras kyau, haka nan zai haɗiye shi, sakamakon ya bayyana a jikinsa.

Aikin fulogi a zahiri ɗaya ne tak: ya karɓi wutar da kwayil ya ɗaga daga bolt 12 na batir zuwa dubban bolt, ya tsallakar da ita wata 'yar tazara da ba ta kai milimita guda ba, tartsatsin da ya tashi ya kunna haɗin fetur da iska da fistan ya matse. Amma a lura da yawan wannan aiki. Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti, kowane fuloginsa yana tartsatsi sau 1,500 a mintin nan, wato sau 25 a kowace daƙiƙa, wanda ke nufin a tafiyar sa'a uku, kamar daga Kano zuwa Kaduna, fulogi guda ya yi wuta sau 270,000, kansa yana cikin wutar da shi ya kunna, ƙeyarsa tana waje tana shan iska. Tun 1860 injin Étienne Lenoir yake amfani da irin wannan dabara, sai dai ba ta zauna da gindinta ba sai a 1902, lokacin da kamfanin Robert Bosch na Jamus, ta hannun injiniyansa Gottlob Honold, ya fito da na'urar ɗaga wuta mai ƙarfi tare da fulogin da ya dace da ita. Daga wannan lokaci kowane maƙerin inji yake yanka ramin fulogi bisa awon da ya zaɓa, ya kuma rubuta a littafin motar irin wanda ya halatta a ɗaura.

Ban koyi wannan daga littafi ba tun farko, a jikin motar mahaifina na koye shi. Allah ya jiƙansa, ya bar mana 504 fara, haɗin Kaduna, wadda ya riƙe da tsabta irin ta mutanen da, har da 'yar takardar da yake rubuta ranar juyen baƙin mai. Da ta dawo hannuna sai na kai ta wani gareji a yi mata gyaran da aka saba, aka aiki yaro kasuwa ya sayo fulogi huɗu, aka ɗaura, na biya na tafi. Ba a yi mako biyu ba sai na ga ta fara nauyin tashi da safe, a silo tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, in na kama hawa sai ta yi ta nishi, ga shan mai da ban san ta da shi ba. Na koma, aka ce kafireto ne, aka wanke. Aka ce taimin ne, aka juya. Kowane zuwa da kuɗinsa, ciwo yana nan inda yake. Wata biyar ina wannan safa da marwa kafin wani abokin mahaifina ya kwatanta mini wani dattijon makanike da ya yi rayuwarsa kaf a kan Fijo, ya ce in je in gaishe shi, in kuma yi haƙuri da shi, don ba ya gaggawa.

Na same shi zaune a gindin dalbejiya. Ya sa na tayar da motar, ya kasa kunne kamar minti guda, sannan ya ce, "Kashe ta, ɗana, mu sha inuwa tukuna, ba a kwance fulogin Fijo da zafi." Da injin ya huce sai ya zura doguwar sifanarsa, domin fulogin 504 a can cikin rami yake, ido ba ya ganin mazauninsa, ya zaro na farko, ya ɗaga shi sama ya dube shi, ya girgiza kai. Ya shiga shagonsa ya fito da wani tsohon fulogi daga cikin gwangwanin madara, ya jera su biyu a tafin hannunsa ya ce, "Duba da kyau." Kaurinsu ɗaya, kansu ɗaya, sifana ɗaya ke kama su, amma zaren da ake murɗawa cikin inji, wanda makanikai ke kira tiredi, na tsohon ya ɗara na sabon tsawo da misalin faɗin ƙwayar wake. Nawa gajere ne mai milimita 12.7, injin kuwa an yanka shi don dogo mai milimita 19. Ashe wata biyar bakin fulogin yana maƙale a cikin rami, bai leƙa ɗakin ƙonewa ba, tartsatsi yana tashi a lungu inda haɗin mai ba ya isa sosai. Sauran zaren ramin kuma, wajen milimita shida da fulogin bai rufe ba, ya cika da baƙin gawayi ya daskare kamar dutse.

Na ce, "To Baba, sai a sayo dogon a ɗaura." Ya ce, "In ka ɗaura shi yanzu da ƙarfi, kai da injin nan sai wani ikon Allah." Kan injin Fijo na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, fulogi kuwa baƙin ƙarfe ne mai tauri, in suka yi gardama alminiyam ne zai sha kashi. Sai ya ɗauki tsohon dogon fulogin nan, ya yi masa tsaga uku a tsaye da zarto, ya cika tsagogin da giris don su kama dattin kada ya zuba cikin inji, ya riƙa murɗa shi da 'yan yatsu, rabin juyi gaba, ɗan kaɗan baya, ya zaro ya goge ya sake shafawa, haka har ramin ya buɗe. Uku suka yi lafiya a hannunsa. Na huɗu kuwa tun ɗaurin farko an shigar da shi a karkace an ci zarensa, dole aka sauke kan injin gaba ɗaya aka kai wa masu injin yanka suka dasa masa sabon zare, aka sayi sabon gaskit, motar ta kwana huɗu a wurin. Abin da na kashe ya ninka kuɗin fulogin ƙwarai sau da yawa. Allura ta tono garma.

Da kuskuren ya zo ta ɗaya fuskar, da abin ya fi haka muni. Volkswagen ƙirar Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, wadda Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, gajeren fulogi take sha, mai milimita 12.7 ɗin nan. In aka ɗaura mata dogo, zarensa zai zarce cikin ɗakin ƙonewa, ya yi ja saboda zafi ya riƙa kunna mai kafin lokaci, gawayi ya daskare a kansa ta yadda ranar da za a kwance shi zai fito da zaren ramin, in ma ba a yi rashin sa'a fistan ya doke shi ba. Ko a gida ɗaya ma ana samun saɓani, domin injinan 404 na farko-farko gajere suke sha, na baya kuma dogo, saboda haka cewa "na 404 nake so" bai wadatar ba, sai an san wane kan inji ne a motar, balle a ƙasar da aka saba ɗauko kan wannan inji a ɗora wa wancan. Akwai kuma maganar mazauni: wani fulogin yana da wosha da ke matsewa ta toshe iska, wani kuma, kamar na wasu injinan Ford, ba shi da wosha, kafaɗarsa ce a gangare take zama cikin ramin da aka fafe daidai da ita, kuma ɗayansu ba ya zama a gurbin ɗaya ko da ya murɗu.

Wannan duka ido yana iya gani. Abin da ido ba ya gani, wanda kuma ya fi kashe inji, shi ne darajar zafin fulogi. Mutane da yawa suna zaton in an ce fulogi mai zafi ana nufin wanda tartsatsinsa ya fi ƙarfi, alhali maganar ba ta shafi tartsatsi ba ko kaɗan; ana nufin saurin da yake zubar da zafin bakinsa zuwa jikin inji. Bakin fulogi yana bukatar ya kai kimanin digiri 500 a ma'aunin Salshiyas domin ya riƙa ƙone dattin da ke taruwa a kansa, amma in ya haura wajen digiri 800 sai shi da kansa ya zama garwashi, ya kunna mai tun fistan bai ƙarasa hawa ba. Maƙera suna daidaita wannan ta tsawon hancin tangaran da ke cikin fulogin: mai dogon hanci yana riƙe zafi, shi ne mai zafi, mai gajeren hanci yana saurin hucewa, shi ne mai sanyi. In ka sa mai sanyi fiye da kima, zai yi ta yin baƙi yana daina wuta, ka yi ta kwancewa kana gogewa, wannan wahala ce amma mai sauƙi. In kuwa ka sa mai zafi fiye da kima, ka loda mota ka kama doguwar hanya a cikin zafin bazara, za ka iya jin wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ko ma ba za ka ji komai ba, sai dai kawai saman fistan ya huje, a ce inji ya buga, a ɗora wa tsufa laifi.

Lambar da ke jikin fulogi ita ke faɗin wannan duka, ga wanda ya iya karatunta. Ɗauki BP6ES na kamfanin NGK, wanda aka kafa a Nagoya ta Japan a 1936: harafin B yana nufin kaurin zare milimita 14, P yana nufin bakinsa ya ɗan leƙo waje, 6 ita ce darajar zafi, E kuma tsawon zare milimita 19, da H ce a wurin E, da gajere ne irin na Beetle. Sai dai kamfanonin ba su yi ittifaƙi a kan lissafi ba, kuma nan ne ƙaramin sani yake zama ƙuƙumi. A wurin NGK, in lamba ta hau fulogi yana ƙara sanyi ne, 7 ta fi 6 sanyi. A wurin Champion da Bosch kuwa akasin haka ne, in lamba ta hau zafi ne yake ƙaruwa. Don a ƙara rikita al'amarin, tsohon lissafin Bosch da za ka gani a littattafan motocin da, irin su W145 da W175 da W225, shi kuma hawan lambarsa sanyi yake nufi. Saboda haka mai kantin da ya ce maka "wannan bakwai ne, wancan ma bakwai ne" bai gaya maka komai ba, tun da bakwai ɗin wani ba bakwai ɗin wani ba ce.

Wata wahalar kuma ita ce sunayen da littafin tsohuwar mota ya ambata, kamar Marchal na Faransa mai tambarin baƙar kyanwa, sun daɗe da ɓacewa daga kantunanmu, sai dai a nemi makwafinsu ta jadawalin da kamfanoni ke bugawa, mai cewa lamba kaza ta wane daidai take da lamba kaza tamu. Jadawalin nan yana da amfani, amma kusantarwa yake yi, domin fulogin wani kamfani yakan faɗa tsakanin daraja biyu na wani. In mutum ya juya lambar Marchal zuwa Champion, ya juya ta Champion zuwa Bosch, ya juya ta Bosch zuwa NGK, kowane juyi yana ɗan gocewa, kafin ya ƙare ya yi nisa da asali bai sani ba. Malamanmu sun san wannan illa tun da daɗewa a wajen kwafar littattafai da hannu, shi ya sa suke komawa ga kwafin da ya fi kusa da marubuci, suke kuma bin isnadi su ga ta hannun wa magana ta biyo. Haka ya kamata mai tsohuwar mota ya yi: ya nemi abin da maƙerin injin ya rubuta, ko abin da kamfanin fulogin ya ware wa wannan inji da sunansa, ya yi juyi ɗaya tak in ya zama dole, kada ya gina ƙiyasi a kan ƙiyasi. Kuma kada ya amince da fulogin da ya tarar a motar a matsayin asali, don mai yiwuwa shi ma kuskuren wani ne ya gada.

Bayan littafi, shaida na biyu shi ne injin kansa, kuma dattijon nan ya koya mini sauraron shaidarsa. Bayan an yi tafiya mai ɗan nisa, in injin ya huce, a kwance fulogin a jera su bisa tsarin ramukansu, kada a cakuɗa. Wanda bakinsa ya yi ƙasa-ƙasa ko toka-toka, a bushe, lafiya lau yake. Wanda ya yi baƙi mai laushi kamar kunkunniyar bayan tukunya, mai ya yi wa iska yawa, kuma a ƙasarmu ta ƙurar hunturu, kafin a taɓa kafireto a fara duba matatar iska ko ta toshe. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana sheƙi, ringi ne ko bawul ya gaji. Wanda ya yi fari fat har da ƙuraje a tangaran ɗinsa, ko tsinkensa ya fara narkewa, wannan a tsaya nan take, zafi ya yi yawa. In uku sun yi kyau ɗaya ya ɓaci, laifin na ramin nan ne shi kaɗai. Dattijon ya ƙara mini da cewa launin yanzu bai kai na da fitowa ba, kuma gaskiyarsa, domin an ƙera injinan nan a zamanin fetur mai dalma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina tun farkon 2006, fetur ɗin yau kuwa ba ya rina tangaran da sauri kamar wancan.

A nan zan yi tsokaci kan wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato in inji ya fara shan baƙin mai yana jiƙa fulogi, sai a ɗaura masa mafi zafi don ya riƙa ƙone man. Motar takan ɗan farfaɗo, mai ita ya yi murna, amma ringin da ya cinye yana nan a cinye, an kuma ƙara masa haɗarin hujewar fistan a kan ciwonsa na da.

Tazarar bakin fulogi ma ana raina ta. Motocin zamanin kwantak, masu kwayil na da, galibi milimita 0.6 zuwa 0.7 suke so, fulogi da yawa na yanzu kuwa suna fitowa daga kwali da tazarar da ta fi haka, don an yi su ne domin motoci masu wuta mai ƙarfi. In aka ɗaura su haka, tsohon kwayil zai yi ta fama, wuta ta riƙa ɗaukewa a kan hawa ko da sanyin asuba. Ƙarfen awon wannan tazara ba shi da tsada, aikin kuma bai wuce minti biyu ba, amma sau nawa ka ga an auna? Harafin R a lamba kuwa yana nufin an sa wa fulogin abin rage kaifin wuta don kada ya riƙa sa rediyo ƙara. In wayoyin fulogin ma suna da irinsa, an tara biyu a kan tsohon kwayil ba bisa bukata ba. Amma masu tsadar nan na iridiyam da filatinam, ban ce haramun ba ne, in awonsu da zafinsu sun dace za su yi aiki. Sai dai falalarsu daɗewa ce a inji mai ƙona mai da tsabta, injin kafireto kuwa zai baƙanta su tun ba su ci rabin kuɗinsu ba, ga shi masu jabu sun fi kwaɗayin kwaikwayon mai tsada. Na jan ƙarfe na ƙwarai, mai lambar da ta dace, ya ishi 504.

Na san abin da wani zai ce, kuma ban raina maganarsa ba. Zai ce malam, kana magana kamar mai zaune a birni kusa da kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka. Direban da motarsa ta mutu a daji da fasinja tara da buhuna a sama, abin da ya samu shi zai ɗaura, kuma da irin wannan dabara ce motocin nan suka kai shekara arba'in suna tafiya. Haka ne, kuma ina girmama basirar makanikanmu, waɗanda suka rayar da motocin da maƙeransu suka daɗe da mantawa da su. Lalura takan halatta abin da ba a so, amma malaman fiƙihu sun ƙayyade cewa gwargwadonta ake ɗauka, ba a mayar da ita abincin kullum. Wanda ya ɗaura fulogin da ya samu don ya fita daji, hakkinsa ne ya cire shi in ya isa gari. Batun talauci kuma, a ganina hujja ce a kan mai faɗinta, domin fulogin da ya dace da wanda bai dace ba kusan kuɗinsu ɗaya, bambancin harafi ne a jikin kwali. Kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, silinda guda da ke zubar da mai ba tare da ta ƙone shi ba tana cin aljihun talaka kowace rana fiye da yadda take cin na mai hali.

Saura hakkin mai sayarwa da na mai gyara, wanda shi ne ya fi damuna. Ciniki a shari'a an gina shi a kan bayyana aibi da barin algus, kuma wanda ya ce "duk ɗaya ne" alhali ya san ba ɗaya ba ne, ya ci amanar wanda ya dogara da saninsa. Wanda kuma ya faɗa bai sani ba, ya yi fatawa ba da ilmi ba, a kan dukiyar wani, wani lokaci ma a kan rayukan da ke cikin motar. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu in suka lalace a hannunsu, saboda maslahar jama'a, kuma da makanikai suna tuna wannan, da ba a aiki yaron da ya fara koyo jiya ya zaɓo fulogi shi kaɗai ba. Ba na zargin yaron. Ba a koya masa ba ne. Tambaya uku kawai ake bukata daga mai kanti kafin ya miƙa kwali, wace mota ce, wane inji, ina tsohon, sannan ya jera su biyu ya gwada tsawonsu a gaban mai saye.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu wannan sani suna ƙarewa. Dattijon da ya ceci motar mahaifina bai taɓa riƙe jadawalin wani kamfani ba, amma ya haddace cewa Champion N9Y shi ne abokin BP6ES, ya san kan 404 mai gajere da mai dogo da gani, kuma duk wannan a ƙirjinsa yake, babu ko layi ɗaya a takarda. Yaran da ke tasowa a garejin yanzu motocin kwamfuta suke koya, kuma ba laifinsu ba ne, can abincinsu yake. A zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta buga ƙananan littattafai da Hausa masu araha don amfanin talakawa. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar makanikai ta NATA, tare da kwalejojin fasaha na jihohinmu, su zauna da irin waɗannan dattawa su fitar da ɗan littafi na shafi ashirin, da boko da ajami, mai ɗauke da sunan kowace tsohuwar mota da ke yawo a ƙasar nan, da tsawon zaren fuloginta, da darajar zafinsa a lissafin kowane kamfani, da tazararsa, a rataye shi a kowane shago ba.

Ranar da zan ɗauki motar, dattijon bai bar yaransa su ɗaura fulogin ba, kuma bai ɗaura da kansa ba, ni ya miƙa wa. Ya ce in fara murɗawa da hannu kawai, in na ji turjiya tun juyin farko in koma baya, don zare mai lafiya ba ya gardama; da wosha ta zauna sai ya ba ni sifana ya ce in ƙara rabin juyi, in tsaya nan, kada in biye wa zuciya. Na yi haka sau huɗu yana tsaye a kaina. Sannan ya ce in ɗauko takardar mahaifina daga aljihun mota, ya sa na rubuta lambar fulogin da tsawonsa da tazararsa a ƙarƙashin ranar juyen man da marigayin ya rubuta ta ƙarshe, ya ce duk wanda zan aika kasuwa in ba shi takardar ya tafi da ita. Na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet yana sauraro, can ya ce, "To, ɗana, Allah ya tsare hanya."